Riƙon da Takarda Ba Ta Sani Ba

Man gyaɗa ne ya tona mana asiri. Na daɗe ina ɗora laifin a kan asibiti, a kan ma'aikata, har a kan ƙanwata, amma idan na zauna ni kaɗai na san kaskon nawa ne, kuma ni na sauke shi na ajiye a ƙasa bayan na gama suyar ƙosan safe, don kawai wata mai ciniki tana ta doka mini waya kamar gobara ta tashi a gidansu. Ban kai ga cewa "to, gobe" ba na ji ihun yarinyar da nake riƙo daga kicin.

A unguwar Kurayyat ta Jidda muke zaune, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo. Ni haifaffiyar Jidda ce. Kakana ne ya zo da ƙafa ta Sudan, ya yi aikin hajji, bai koma ba, mu kuma muka gaji zaman. Ina da iƙama, wato takardar izinin zama, maigidana ma yana da tasa, direba ne. Abin da Allah bai ba mu ba shi ne haihuwa. Shekara goma sha ɗaya da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha saiwa, na sha rubutu, na sha allurar likita, na sha baƙar maganar dangi, wadda ta fi duka ɗaci, daga baya na haƙura na kama sana'ata.

Ana nan sai ga ƙanwata ta zo. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Umara suka zo ita da mijinta, suka ƙi komawa, kamar yadda dubban mutanenmu suke yi. Cikinta na wata bakwai aka yi kame a wurin aikin mijin, aka mayar da shi gida. Ya yi waya sau uku, a na huɗun ya aiko mata da saki. A falona ta haihu, a hannun wata tsohuwa 'yar Cadi, domin marar iƙama ba ya kai kansa asibiti sai ya ga mutuwa tsaye a bakin ƙofa. Ba a yanka wa jaririyar takardar haihuwa ba. Mun yanka rago, mun raɗa suna, muka ɗauka mun gama.

Haihuwar fari ce, ƙanwata kuwa kunyar ɗan fari ta zo da ita cikakkiya daga gida, ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. Ba ta kallon jaririyar a gaban mutane. Idan za ta ba ta nono sai ta juya ta fuskanci bango. Suna kuwa, ko da wasa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "waccan", ko "yarinyar nan". Mu 'yan Jidda mun saki wannan al'adar tun zamanin iyayenmu, don haka dariya abin yake ba ni. Nakan ce mata, "Ke dai Allah ya shirye ki. Kin sha wahalar naƙuda kwana biyu, ki ce ba ki san ta ba? To wa ya haife ta, firij?" Sai ta rufe fuska da gefen mayafi ta ce, "Kai, Yaya."

Ranar da ta yaye ta, ta ɗauko ta ta ɗora mini a cinya, ba ta ko dube ni ba.

"Yaya, ga 'yarki nan. Duniya da lahira."

Ba a rubuta komai ba, ba a kira shaida ba. Wa yake rubuta irin wannan? A wajenmu uwa ta ba 'yar'uwarta riƙon ɗan fari abu ne da ba ya buƙatar ko dogon bayani. Ta samu aikin gida a unguwar Sharafiyya wurin wasu Larabawa, can take kwana, sai ranar Juma'a take zuwa mana. Yarinya ta tashi tana kirana Umma, tana kiran mahaifiyarta Khala, kamar yadda yaran nan suke kiran 'yar'uwar uwa. Idan ƙanwata ta zo da tsaraba, ni take miƙa wa, ta ce, "A ba waccan." Haka muka yi shekara takwas, kuma ba zan yi ƙarya ba, na manta cewa ba ni na haife ta ba. Ba mantuwar baki nake nufi ba. Akwai ranakun da idan ana hirar naƙuda sai in ji kamar in sa baki.

Ranar da man ya zube Juma'a ce, ƙanwata tana gidan. Daga gwiwa har idon sawu fatar ƙafar yarinyar ta saɓule. Ban yi tunanin takarda ba, ban yi tunanin komai ba, na naɗe ta a zani muka tari mota. Ƙanwata ta biyo mu ba takalmi. Ita da take canza hanya idan ta hango motar 'yan sanda tun daga nesa, a ranar nan da ƙafarta ta shiga asibitin gwamnati.

Sun karɓe ta, sun yi mata aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Bayan ta samu barci ne wata ma'aikaciya ta shigo da tarin takardu. Ashe ƙa'ida ce, duk yaron da aka kawo da ƙuna ko karaya sai sashen kare yara ya yi tambaya. Ta nemi katin yarinyar, na ce na manta shi a gida. Ta karɓi iƙamata ta danna a na'ura, ta ɗago ta dube ni.

"'Yarki ce?"

"'Yata ce."

"A nan babu ɗa ko ɗaya a ƙarƙashin sunanki, ko na mijinki."

Sai ta juya wurin ƙanwata, wadda ke raɓe a jikin bango. Larabcin ƙanwata na kicin ne, ta san kawo, ta san wanke, ta san "khalas", wato an gama. Ma'aikaciyar ta tambaye ta ko ita wace ce, ta sunkuyar da kai. Ma'aikaciyar ta nuna gadon ta ce mata, "Ismaha? Sunanta?" Ƙanwata ta buɗe baki ta rufe, ta dube ni. Aka sake tambayarta ko ta san uwar yarinyar. Ta ɗaga hannu ta nuna ni, ta ce da Hausa, "Ga uwarta nan."

Har yau ban iya rabe nawa ne tsoro nawa ne kunya a cikin wannan amsar ba. Abin da na sani shi ne ni ma ban taimaka ba. Da ma'aikaciyar ta fita kiran wani, na ce wa ƙanwata da Hausa, "Fice ki tafi, kada su tambaye ki iƙama." Ta tsaya tana kallon gadon. Na daka mata tsawa, ta fita. A ganina dabara na yi. Abin da aka rubuta a ranar shi ne: an kawo yarinya da ƙuna, ba ta da takarda, tana hannun matar da ba ita ta haife ta ba, ba a san iyayenta ba.

Kwana biyu ana yi mini tambayoyi kafin kafilin maigidana, wato Balaraben da iƙamarsa ke ƙarƙashinsa, ya zo ya tsaya mini aka sake ni. Yarinyar kuwa da ta samu sauƙi ba a ba ni ita ba, aka wuce da ita wani gidan kula da yara na gwamnati.

Wata biyar na yi ina yawon ofis. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Ka ɗauki lamba, ka zauna a kujerar ƙarfe, sanyin na'ura yana cin ƙashinka, a kira ka, wanda ke bayan gilashi ya duba ya ce, "Fayil ɗinki ba ya wurinmu, yana sashen kaza." Ka je sashen kaza, su ce suna jiran amsa daga inda ka fito. Bukra, wato gobe, in sha Allah. Ki dawo bayan mako guda. Na je gidan yaran ya fi sau goma, a bakin ƙofa ake tsayar da ni, wai sai dangi na jini. Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a unguwarmu ya sani. Na yi faɗa da Larabci, na yi da Hausa, na taɓa buga gilashin wani har mai gadi ya raka ni waje. Ba abin da faɗan ya ƙara mini sai hawan jini. Na daina suya. Kaskon ma na ba wa maƙwabciya, ban iya ganinsa.

Duk Juma'a ƙanwata za ta zo ta zauna a bakin ƙofar falo, ta gaishe ni. Can sai ta ce, "Yaya, an ji wani labari?" Ba ta taɓa cewa labarin wa ba. Ta rame har zoben hannunta yana faɗuwa, ni kuwa haushinta nake ji, don ina ganin da ta buɗe baki a asibiti da ba mu kai nan ba. Na manta wa ya kore ta.

Wani dattijo ɗan Nijar da ke zama a unguwar Ammariyya yana rubuta wa mutane takardun koke shi ya fara gaya mini akwai wani ofishi da aikinsa shi ne sauraron ƙorafi a kan ofisoshin gwamnati, kuma yana da sashen da ke sa ido a kan yadda ake riƙon yara. Na yi tsaki na ce, "Baba, gwamnati ce za ta kama kanta?" Ya ce, "'Yata, ba kama kai ba ne. Ko gida ɗaya ne akwai mai duba tukunya bayan an ce an wanke." Ya gyara tabarau ya ɗauki biro, sai ya tsaya.

"Me zan rubuta? Gaskiyar, ko abin da kike gaya musu?"

"Rubuta 'yata ce, an raba ni da ita."

Ya dube ni ta saman gilashin, ya rubuta.

Ban sa rai ba, amma kafin mako biyu aka kira ni. Mai binciken mace ce, za ta yi shekara hamsin, ba ta da fara'a kuma ba ta da wulaƙanci. Ita ce mutum ta farko cikin wata biyar da ta ce in zauna kafin ta tambayi lambata. Ta bar ni na yi magana har na gaji, na yi kuka, na fyace hanci. Sannan ta ce:

"Ya ukhti, 'yar'uwata, ki fahimci aikina tun yanzu, kada ki zarge ni daga baya. Ni ba alƙali ba ce. Ba na ba da yaro, ba na karɓe yaro. Abin da nake yi shi ne in duba ko waɗanda aka ba amanar yarinyar nan sun yi aikinsu yadda doka ta ce. Zan nemi duk takardun da aka rubuta a kanta, kuma dole su ba ni. Zan je gidan ba tare da na sanar da su ba. Zan zauna da ita ni da ita kaɗai. Abin da na gani shi zan rubuta, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba."

Na ce na yarda. Kunnena rabin farko kawai ya ɗauka.

Abin da matar nan ta yi cikin kwana ashirin ya ba ni mamaki. Ta gano fayil ɗin yarinyar a aljihun tebur yake kwance tun watan farko, sassa biyu kowanne yana jiran ɗaya ya fara motsi. Ta gano babu wani rubutaccen hukunci da ya hana ni ganinta, mai gadi da shugabar gidan ne kawai suka ga hakan ya fi musu sauƙi. Ta gano an yi wa wata mace tambayoyi a asibiti da harshen da ba ta ji, ba a nemo tafinta ba. Ta rubuta musu, ta ba su wa'adi. Mutumin da ya taɓa sa a fitar da ni da kansa ya kira ni a waya, yana ce mini "ya Hajja". Na ji daɗin wannan, har na yi alwashin sadaka.

Ranar da aka bar ni na shiga, a wani ɗaki mai kujerun roba aka kawo ta. An aske mata gashi, wai babu wanda ya iya kitsa irinsa. Wannan gashin da nake ɓata yinin Alhamis a kansa. Ƙafar ta warke, ta bar tabo mai sheƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona kamar tana tantama, sai ta rugo ta faɗa jikina. Da Larabci ta fara yi mini magana, Hausar sai da ta yi ta lalube.

"Umma, yaushe za mu tafi gida?"

Na ce, "Kwanan nan." Har cikin raina na yarda da abin da na faɗa.

Bayan ziyara ta uku mai binciken ta sake kirana. Wannan karon ta rufe ƙofa.

"Wace ce matar da ta raka ku asibiti?"

Na ce maƙwabciya ce.

"Yarinyar ta ba ni labarin wata Khala da ke zuwa ranar Juma'a. Ta ce tana kawo mata kaya, amma ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko sau ɗaya. Ta ɗauka ba ta sonta ne." Ta cire gilashinta ta ajiye. "Na daɗe ina aiki da mutanenku. An taɓa gaya mini cewa a wajenku akwai uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na zo ƙarshen nawa. Na gaya mata komai, tun daga umarar har zuwa ranar yaye. Na yi mata bayanin riƙo, na ce a wajenmu wanda aka ba ɗa shi ne uwarsa, shi zai aurar da shi, shi za a yi wa gaisuwa idan ya mutu. Ta saurara har na gama.

"Na yarda da ke," in ji ta. "Na ga yadda yarinyar take da ke. Takarda ce ba ta san wannan ba."

Sai ta shimfiɗa mini hanyoyi biyu, ba ta ɓoye komai ba. Idan aka bar fayil ɗin yadda yake, yarinyar za ta ci gaba da zama wadda ba a san iyayenta ba. Za ta zauna a gidan, ko a ba wani iyali 'yan ƙasa riƙonta. Za ta samu takarda da makaranta. Ni baƙuwa ce, ba za a ba ni ba, kuma da zarar ta shiga wani gida ziyarata ta ƙare. Idan kuwa mahaifiyar ta fito, za a gwada jini, a gyara fayil, a yi wa yarinyar takardar haihuwa da sunan uwa da uba. Amma uwar ba ta da izinin zama, don haka za a mayar da su gida tare. Abin da ita za ta iya tsayawa a kai shi ne kada a raba su, kuma kada a ajiye yarinyar a wurin da ake tsare masu jiran jirgi.

"To ni fa?" na ce. "A wace hanyar nake?"

"Babu ke a ko ɗaya. Ki yi haƙuri."

Na miƙe tsaye. Abin da na gaya wa matar nan ba zai rubutu ba. Na ce da ƙafata na zo wurinta neman 'yata, ashe wuƙar yanka kaina na kawo mata. Na ce gara masu cewa bukra, su aƙalla sun bar ni da fata. Ba ta kira mai gadi ba. Ta ce tana da mako huɗu kafin ta miƙa rahotonta, kuma ba za ta rubuta ƙarya a ciki ba, amma ta fi so uwar ta zo da kanta.

Mako uku na yi ban gaya wa ƙanwata ba. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata, kuma shi ya sa nake rubuta wannan. Ta zo Juma'a uku, ta yi tambayarta, na ce, "Ana nan ana yi." A raina ina saƙa cewa idan aka ba Larabawa ita, ai tana nan cikin Jidda, iskar da nake shaƙa ita take shaƙa, wataƙila wata rana in hango ta a kasuwa. Ina ce wa kaina don makaranta ne, don takarda ne, me za ta samu a ƙauyen da ko ita uwar gudowa ta yi daga cikinsa? Akwai gaskiya a ciki. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wani abu baƙi da na sani sarai: idan ni zan rasa, to kowa ma ya rasa.

Maigidana mutum ne marar yawan magana, shekara da shekaru ni ke faɗa yana cewa to. Wata ranar Asabar bayan ya dawo sallar la'asar ya zauna ya ce:

"Yarinya da uwarta a raye, da ubanta a raye, aure aka ɗaura aka haife ta, ki bari a rubuta ta marar asali? Ranar da za ta yi aure a tambayi waliyyinta, me za a ce? Ki ji tsoron Allah. Ni ma 'yata ce, ba ke kaɗai za ki yi kuka ba."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Washegari da azahar na hau mota zuwa Sharafiyya. Na same ta ta ƙofar baya, hannunta duk kumfar sabulu. A tsaye na gaya mata, cikin rana, ban rage komai ba, har da mako ukun. Na ɗauka za ta zage ni, da ma ta yi. Sai ta goge hannu a jikin zaninta ta ce:

"Yaya, ai na riga na ba ki. Ana yin kyauta a dawo a karɓa? Idan na je, na ƙwace miki ita ke nan."

"An riga an ƙwace. Yalla, ɗauko abayarki."

"Idan kin ce kada in je, ba zan je ba."

Wallahi da gaske take. Da na ce ta zauna, da ta zauna ta ci gaba da wanke-wanken mutane har ta mutu da abin a cikinta. Wannan ne ya karya ni. Na ce, "Na ce ki ɗauko."

A ofis an kawo tafinta, wata 'yar Nijar. Mai binciken ta yi wa ƙanwata bayanin abin da zai biyo baya sau biyu, ta tambaye ta ko ta gane, ta ce ta gane. Sannan ta ce dole ne ta faɗi sunan yarinyar da bakinta don a rubuta. Ƙanwata ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta faɗa, a hankali, kamar mai koyon magana. Ni kuma aka miƙo mini wata takarda mai layi uku, wadda ke cewa ban haifi yarinyar ba kuma ba ni da wata hujja a kanta. Na sa hannu.

Gwajin jini ya fito yadda kowa ya sani zai fito. Saura a gaya wa yarinyar. Mai binciken ta hana ma'aikatan gidan su yi, ta ce haƙƙin yarinyar ne ta ji daga bakin wanda ta amince da shi. Wato ni. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "To wa zai iya?"

A ɗakin nan mai kujerun roba na ɗora ta a cinya, duk da ta yi girma da hakan. Na ce mata Khala ce ta haife ta, ni aka ba ni ita tana ƙarama saboda ana sona kuma ana sonta. Na ce za su hau jirgi su je garinsu, akwai kaka, akwai awaki, akwai 'yan'uwa da yawa. Ta kama wasa da bakin hannun rigata.

"Ke ma za ki zo?"

"Ba yanzu ba."

"Don na zubar da man ne?"

Na rantse mata da Allah ba don haka ba ne, na ce laifina ne, ni na ajiye kaskon a ƙasa. Ban san ko ta yarda ba. Ta sauka daga cinyata ta koma kujerar da ke nesa ta zauna.

Da safe suka tafi, wata ranar Talata. Ba a bar ni na bi su filin jirgi ba, a ƙofar gidan yaran muka yi sallama. Na kawo jaka biyu na kayanta, har da waɗanda suka yi mata kaɗan, don ban iya zaɓa ba. Ƙanwata ta durƙusa a kan titi, a gaban jami'an da za su raka su, ta kama ƙafata tana cewa, "Yaya ki yafe mini." Na ɗago ta na ce ta daina ba mu kunya. Yarinyar tana tsaye riƙe da ƙaramar jaka. Na kira ta, ta zo, ta bar ni na rungume ta, jikinta a sandare. Da suka shiga mota ta zauna a ɗaya gefen, wanda ba ya kallon inda nake.

Suna can yanzu. Muna waya jefi-jefi. An sa ta a makaranta, tana da takardar haihuwa mai sunan ubanta. Idan aka ba ta wayar takan gaishe ni da ladabi, ta amsa abin da na tambaya, ta miƙa wa uwarta. Na ji kuma an ce tun bayan rahoton matar nan, idan aka kai wata tamu asibitin da yaro, sai an nemo mai jin harshenta kafin a rubuta komai. Wata 'yar Cadi a layinmu ta ce haka aka yi mata, ta dawo gida da ɗanta a ranar. Na ce mata Allah ya raya. Na yi murna, amma ba sosai ba, kuma Allah ya ga zuciyata.

Kwana tara bayan tafiyarsu ina zaune a falo da hantsi, ban kunna komai ba, sai saƙo ya shigo wayata daga ofishin. An rubuta cewa an kammala binciken ƙorafina, an same ni da gaskiya a kan jinkiri da hana ziyara, an umarci sassan da abin ya shafa su gyara, an rufe fayil. A ƙasa aka ce in nuna gamsuwata da aikinsu, daga ɗaya zuwa biyar.

Na daɗe ina kallon lambobin. Na nemi abin da zan riƙe matar nan da shi, na juya ta ko'ina, ban samu ba. Ba ta yi mini ƙarya ba, ba ta ci amanar yarinyar ba, duk abin da ta ce za ta yi ta yi. Na danna biyar. Wayar ta yi mini godiya.